Zamanin Eriya a Kan Gora

A watan Maris na 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Ibadan ta riga ta tun ranar 31 ga Oktoban 1959, Inugu ta bi sahu a 1960, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, bai ga dalilin da zai sa Arewa ta ci gaba da jin labarinta daga bakin wasu ba. Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon kafa tashar watsa labarai, don haka doka ba ta tare hanya ba. Abin da babu shi ne na'urori da ƙwararrun da za su sarrafa su. Sai aka haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila: Granada, mai gidan talabijin a Manchester, da EMI, mai ƙera na'urori. Kamfanin da aka kafa shi ne BCNN, tashar kuma aka san ta da RKTV, a bakin jama'a Rediyo Talabijin Kaduna.

Ta wannan ƙofar shirye-shiryen Ingila suka shigo Arewa. Sabuwar tasha tana da awoyin da dole ta cike kowace yamma. Haɗa wasan kwaikwayo na gida yana cin kuɗi da lokaci, hayar wanda aka riga aka gama a Landan kuwa ba ta taka kara ta karya ba, domin BBC da kamfanonin ITV suna sayar wa ƙasashen renon Ingila izinin nunawa da rahusa. Ana ɗaukar shirin a kan fim mai faɗin milimita 16, a naɗe, a rufe a gwangwani, a sa a jirgi. Tashar da ta gama nunawa ba lallai ta mayar da shi Landan ba, takan tura wa ta gaba ne, wata sa'a a wata ƙasa, wata sa'a a wata nahiya. Gwangwani ɗaya yakan yi shekaru yana yawo kafin ya iso nan. Da haka Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa a Nuwamban 1963, ya bayyana a allon RKTV tun tsakiyar shekarun 1960, kuma irin su The Saint, inda Roger Moore ya yi suna kafin ya zama James Bond, suka zagaya tashoshin ƙasar nan.

Duk wannan labarin birni ne. Kaduna da Zariya da Kano tashar ta sa a gaba, manyan turakunta ma suna Jaji, ta hanyar Zariya. Kagarko kuwa tana can kudu, sama da kilomita 100 daga Kaduna, ƙasar Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulani, a yankin da a lokacin ake kira Kudancin Zariya. Muryar rediyo mai gajeren zango tana tsallake duwatsu da kurmi. Hoton talabijin miƙe yake tafiya, in ya yi nisa ko ya ci karo da tudu sai ya dushe. Saboda haka manomin citta a Kubacha ko Katugal ya san muryoyin masu karanta labarai a Rediyo Kaduna, ya haddace waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya, amma hoto mai motsi bai san shi ba sai a majigi, ranar da motar ma'aikatar yaɗa labarai ta zo ta kafa farin ƙyalle a filin makaranta, ta nuna amfanin rigakafi ko yadda ake zuba takin zamani. Ɗan yankin nan da ya ga talabijin a shekarun 1960, to ɗalibi ne da karatu ya kai Zariya, ko soja, ko ma'aikacin jirgin ƙasa da aiki ke ɗauka daga Kafanchan zuwa Kaduna.

Shekarun 1970 ne suka sauya lissafin. A farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, har da bashin watanni tara a dunƙule. Malamin firamare da akawun En'e da ma'aikacin reluwe suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Wani ya sayi babur, wani ya ƙara aure, wani ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, wani kuma ya shiga kantunan Kaduna ya ɗauko akwatin talabijin. A daidai wannan lokaci Jihar Binuwai-Filato, ƙarƙashin Joseph Gomwalk, ta buɗe tasharta a Jos a 1974, kuma ita ce ta fara watsa hoto mai kala a Najeriya. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka hotonta yana gangarowa ta wajen Kagoro da Kafanchan da sauƙin da na Kaduna ba ya samu. Daga nan gwamnatin soja ta karɓe tashoshin jihohi ta haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya da doka ta 24 ta 1977, aka fara kiran su NTV, daga baya NTA. Bikin FESTAC na Janairu da Fabrairun 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, ya sa masu jinkirin saye da dama suka saya.

A wannan zangon na yi wayo. Garuruwanmu da yawa ba su da lantarki, don haka abin da ake da shi ƙaramar talabijin ce baƙi da fari, mai aiki da batirin mota. Ranar kasuwa a kai batir caji wurin mai janareto, a dawo da shi a bayan keke. In ya fara rauni sai hoton ya tsuke, baƙi ya kewaye shi, Turawan su koma 'yan mitsi-mitsi, murya kuma tana nan daram. Maigida ne ke yanke shirin da za a kashe batir a kansa. Labaran ƙarfe tara ba a taɓa su, sauran kuma sai an roƙa. A gidajen manyan ma'aikata a Kafanchan akwai manyan akwatuna masu ƙafafu huɗu da ƙyauren katako da ake zugewa, wasu har da makulli, a lulluɓe da ƙyallen da uwargida ta saƙa da hannunta.

Eriya kuwa a kan doguwar gora ake ɗaure ta, a ƙara wata gorar a kai, a tamke da waya a jikin mangwaro ko bangon ɗaki. Juya ta aikin yara maza ne. Ɗaya yana waje yana murɗa gorar, ɗaya a bakin taga yana isar da saƙo, na ciki suna ta kira: "Yaya, koma baya kaɗan!" "Ya ɓace!" "Ya yi, ya yi, riƙe nan, kada ka motsa!" Mai riƙon sau da yawa a tsaye yake ƙare shirin, yana leƙe ta taga. In an fuskanci arewa ana neman Kaduna, in an karkata gabas ana neman Jos, kuma akwai daren da allon ba ya ba da komai sai ɗige-ɗige da ƙara, amma ba wanda zai tashi. Da damina, hadari na tasowa za a zare waya don tsoron tsawa. Tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, ta rufe kusan tsakar dare da taken ƙasa. Tun kafin la'asar yaran unguwa sun ɗebo ruwa, sun share tsakar gida, sun wanke ƙafafu, domin matar gidan ba ta barin mai ƙura ya hau tabarmarta.

Sai kuma batun Turanci. Makarantun mishan, waɗanda SIM ta fara kafawa a Kwoi da Kagoro tun kafin 1930, sun sa boko ya yi ƙarfi a Kudancin Zariya fiye da sassa da dama na Arewa, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya ƙara cika azuzuwa. Amma Turancin littafi daban, na bakin mutanen Landan daban. Har malamanmu sukan yi tsit su kasa kunne. Kowane taron kallo yana da tafintansa, galibi ɗan sakandare da ya zo hutu, dattawa suna zungurarsa: "Kai, ɗan boko, me ya ce mata?" Shi kuma ya faɗi abin da ya kama, ya cike gurbin da abin da ya ga ya dace. Na yi imani da yawa daga cikin labaran da muke riƙe da su har yau na waɗannan tafintoci ne, ba na marubutan Landan ba, kuma ban ga aibin hakan ba. Ta bakinsu wasannin suka zauna a garuruwanmu.

Wanda bai taɓa bukatar tafinta ba shi ne Frank Spencer. BBC ta yi shirin Some Mothers Do 'Ave 'Em daga 1973 zuwa 1978, Michael Crawford ya fito a Frank, Michele Dotrice ta fito a matarsa Betty. Mutum ne mai 'yar hula a karkace da doguwar rigar ruwa, zuciyarsa fara tas, amma duk abin da ya taɓa sai ya lalace. In ya je neman aiki, kafin a gama ganawa mai ɗaukar aikin ya kusa zaucewa. In ya ce zai gyara ƙofa, ɗakin ne zai zube. Akwai kashin da ya ɗaura takalmin taya, ya kuɓuce daga ɗakin wasa ya faɗa titi, ya maƙale a bayan bas, ya wuce ta ƙarƙashin babbar mota, ya ƙare a cikin kantin kayan jarirai. Akwai wanda ya yi lilo a bayan mota a bakin gangaren dutse, teku tana ƙasa tana jiransa. Sai daga baya muka ji cewa Crawford da kansa yake yin wannan kasada, ba a sa masa wani.

Dariyar da dattawa suke yi wa Frank ta bambanta da tamu. Su sun san Bature a matsayin Di'o da Razdan da injiniyan reluwe da likitan mishan, mutumin da ba a ganin kuskurensa, ko da ya yi. Yau ga Bature a gabansu ya kasa riƙe aiki, surukarsa ta raina shi, maƙwabta suna gudunsa. Na ga tsohon da ya yi wa Di'o dako a ƙuruciyarsa yana share hawayen dariya da gefen rigarsa, yana cewa ashe su ma suna da irin waɗannan. Mata kuwa Betty suke tausayi. "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah," in ji wata goggonmu, duk lokacin da Betty ta tsaya tana kallon ɓarnar mijinta ba ta ɗaga murya ba. Kowace unguwa ta samu nata Frank ɗin. Yaron da aka aika sayen kananzir ya fasa kwalba a hanya, sunan ya bi shi har girma.

In ana maganar wanda ya fi shiga ran jama'a kuwa, Mind Your Language ne. Kamfanin London Weekend ya yi shi daga 1977 zuwa 1979, Vince Powell ya rubuta. Ajin yamma ne na manya a Landan, inda wani matashin malami, Mista Brown, wato Barry Evans, yake fama da koya wa baƙi 'yan ci-rani Turanci, ga shugabar makaranta mai zafi, Miss Courtney, a kansa. Ali ɗan Pakistan da Ranjeet mai rawani ɗan Indiya kullum cikin cacar baki suke. Giovanni ɗan Italiya da Max ɗan Girka suna takara a kan Danielle 'yar Faransa. Su-Lee 'yar Sin ba ta rasa abin ɗaukowa daga jan littafin Mao, Taro na Japan sai ya miƙe ya rusuna kafin ya yi magana, Jamila tana gefe tana saƙa, Juan ɗan Sifen bai gane tambayar ba balle amsa.

Ba sai an yi mana bayanin wannan aji ba. Iyayenmu sun zauna a ajin Yaƙi da Jahilci tun shekarun 1950, masu furfura a kan benci, yaro sa'an ɗansu riƙe da alli. Zaman harsuna da yawa a wuri ɗaya ma mun san shi. A kasuwar Kafanchan, garin da ya bunƙasa tun da layin dogo na gabas ya haɗe a nan a 1927, Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Ibo da Yarabawa da Fulani duk da Hausa suke ciniki, kowa da karin harshensa, kowa kuma ya iya kwaikwayon na ɗan'uwansa. Mun taso mun tarar da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, inda za a yi wa mutum ba'a da ƙabilarsa a bainar jama'a, ya rama, a tashi ana dariya. Da wannan idon muka kalli Ali da Ranjeet. Taubasai muka ɗauke su.

A Ingila ba haka aka gani ba. Duk da masu kallo da aka ce sun kai miliyan 18, Michael Grade, babban jami'in kamfanin da ya amince da shirin tun farko, shi ya dakatar da shi, don yana ganin ana mayar da baƙi abin dariya. Na daɗe ina juya wannan hukunci, kuma ina ganin yana da hujja a inda yake. Wasan taubasai tsakanin tsara yake tafiya, inda kowa ke da bakin ramawa. Ɗan Pakistan da ke Landan a 1978, wanda 'yan National Front masu ƙin baƙi ke yi wa maci a unguwa, ba shi da wannan bakin. In an tashi daga kallo, shi za a kwaikwaya gobe a wurin aiki. Mu abin bai taɓa mu ba, domin babu ɗan Afirka ko ɗaya a cikin ɗaliban ajin na dindindin. Baƙar fatar da ya shigo a wani kashi na farko-farko, aka ɗauke shi sabon ɗalibi, ashe sufeton makarantu ne, kuma ranar har tafi aka yi a tsakar gidan da muke kallo. Kasuwar ƙasashen waje irin tamu ce ta sa aka farfaɗo da shirin na ɗan lokaci a tsakiyar shekarun 1980. Najeriya ma ta yi nata, Second Chance da Turanci, Jami'ar Albarkawa da Hausa.

Love Thy Neighbour ya fi wannan kaifi. Kamfanin Thames ya yi shi daga 1972 zuwa 1976, kuma Vince Powell ɗin nan yana cikin marubutansa, tare da Harry Driver. Eddie Booth, Bature ma'aikacin masana'anta, ya wayi gari baƙar fata, Bill Reynolds, ya tare a gidan da ke jikin nasa. Rudolph Walker, haifaffen Trinidad, shi ya fito a Bill. Baƙaƙen sunayen da suke jifan juna da su, yau babu tashar da za ta yarda ta sa. Matansu, Joan da Barbie, ƙawaye ne, kuma sun fi mazan hankali nesa ba kusa ba. Mu a bayan Bill muke, kusan kullum kuma Eddie ne ke kwana ciki. Amma shirin ya nuna mana abin da littafin makaranta bai faɗa ba, cewa a can akwai Baturen da ba ya son ganin baƙar fata a maƙwabtansa. Yayyenmu da gwamnati ta tura karatu Ingila a shekarun arzikin mai, in sun dawo aka tambaye su, sukan ce babu ƙarya a ciki, sai dai a zahiri ba abin dariya ba ne.

Yara kuwa Doctor Who ne ya riƙe mu, zubin Tom Baker, mai cukurkuɗaɗɗen gashi da dogon mayafin wuya, wanda ya riƙe matsayin Doctor daga 1974 zuwa 1981. Akwatin da yake tafiya a cikinsa shuɗi ne, amma mu masu baƙi da fari mun daɗe ba mu sani ba. Kiɗan buɗe shirin kaɗai yana kora ƙanana bayan iyayensu. Sai ga Dalek, injuna masu siffar turmi a kife, suna tafe a hankali da muryar ƙarfe. Bayan an tashi akwai komawa gida cikin duhu ta tsakanin gonakin dawa, kuma ba wanda ke yarda ya zama na ƙarshe a layi. Sauran sun zo sun wuce: Rentaghost, Danger Mouse, The New Avengers, The Professionals. Robin of Sherwood, na 1984 zuwa 1986, ya sa kowane yaro ya lanƙwasa reshe ya ɗaure da igiya, kuma a wasanmu an fi rigima a kan wanda zai zama Nasir, Balaraben nan mai takuba biyu, fiye da Robin ɗin kansa. Ƙwallon Ingila taƙaitacciya take zuwa, bayan kwanaki da buga ta, mun riga mun ji sakamakon a rediyo amma mu kalla da zumuɗi. Zamanin Liverpool ne, na Dalglish da Rush. Muna neman John Chiedozie a cikin 'yan Tottenham saboda namu ne, kuma da Wimbledon ta John Fashanu ta doke Liverpool da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988, mun ɗauki nasarar tamu. Duk da haka a lokacin zuciyar mai son ƙwallo tana wajen Mighty Jets ta Jos ko Ranchers Bees ta Kaduna. Ta Ingila ƙari ce.

Haka ma a wasan kwaikwayo, kada a ɗauka na Ingila sun ture na gida. Ranar Samanja ko batir ya yi rauni sai an lallaɓa shi. Usman Baba Pategi, wanda ya fito a Samanja, soja ne na gaske, kuma a yankin da da wuya ka samu zuriyar da ba ta da soja, ga makarantar manyan bindigogi a Kachia, Hausar bariki da yake yi ta cikin gida ce. Karkuzu yana zuwa daga Jos, Ƙasimu Yero daga Kaduna. Cock Crow at Dawn, da aka fara a 1980, an ɗauke shi ne a ƙasar Filato, labarin magidancin da ya bar birni ya koma noma, duwatsun da gonakin duk irin namu. A ganina waɗannan mutane sun ɗauki wani abu daga gwangwanayen Landan da suka ga ana juyawa a tashoshinsu, wato tsarin rabin awa, da 'yan wasa ɗaya da ke dawowa kowane mako da sabuwar rigima. Barkwancin kuwa daga gida suka ɗebo shi, daga tashe da 'yan kama da hirar dandali.

Ƙarshen zamanin bai zo rana ɗaya ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP a 1986, naira da a 1980 ta fi dala daraja ta zube, har zuwa 1993 dala ɗaya ta haura naira 20. Shirin da sai da kuɗin waje ake hayarsa ya fi ƙarfin tashoshi, sai maimaici, kashi ɗaya a nuna shi har yara su haddace. Bidiyo ya shigo da fina-finan Indiya da na Sin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, aka buɗe babin fina-finan Hausa na kaset. A ranar 12 ga Disamban 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, Kagarko da ke can ƙarshen jiha ta zama maƙwabciyar babban birni, eriyar da ta saba neman Kaduna ta juya kudu. Doka ta 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, DITV ta fara aiki a Kaduna a 1994, daga baya Kafanchan ma ta samu tashar NTA tata. Baturen ƙarshe da ya shiga kowane gida shi ne Mr Bean na Rowan Atkinson, kashi 15 kacal tsakanin 1990 da 1995, shi ma don ba ya magana ne, kuma akasari ta kaset da faifai ya iso. Kafin a jima Rabilu Musa Ibro ya gaje wannan fili gaba ɗaya. Abin da ya rage na Ingila shi ne ƙwallo, ta tauraron ɗan'adam, a gidajen kallo.

Gwangwanayen nan kuwa ba duka suka bar ƙasar ba. Tsakanin 1967 da 1978 BBC ta goge ko ta lalata ɗimbin tsofaffin shirye-shiryenta. Kaset yana da tsada, ana so a sake ɗaukar wani abu a kansa, ma'ajiya ta cika, kuma ba wanda ya zaci za a sake neman shirin baƙi da fari bayan zuwan kala. Da masoya Doctor Who suka farga, sai suka bi sawun tashoshin da aka taɓa sayar wa shirin. A 1984, shekarar da dangantakar Najeriya da Birtaniya ta yi tsami bayan an gano Umaru Dikko cikin akwati a filin jirgin Stansted, aka samu wasu kashi-kashi na zamanin Doctor na farko, William Hartnell, a tashoshin Najeriya, suka isa Landan a 1985. Babban samu ya zo a Oktoban 2013, shekarar da shirin ya cika 50. Wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanaye a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, a ciki akwai kashi tara da aka fid da rai da su, na labarai biyu daga zamanin Doctor na biyu, Patrick Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear, na 1967 da 1968. Ta Hong Kong suka biyo kafin su iso Najeriya. Da wannan samu adadin kashin da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97, aka gyara su, aka sayar wa duniya. Fim ɗin da wani yaro a Kafanchan ya iya kalla ta taga a tsakiyar shekarun 1970, shi ɗin ne ake kallo yau a Landan.

Na yi murna da wannan labari, amma ya tayar mini da wani. Dalilan da suka sa BBC ta goge nata su ne suka sa tashoshinmu suka goge namu, sai dai mu ba mu tura kwafi Hong Kong ba, balle a je a samo. Yawancin kashin farko na The Village Headmaster, da aka fara a 1968, babu su. Abin da mutum zai samu na Samanja ko Karkuzu ko Karambana a intanet 'yan gutsattsari ne, galibi daga kaset ɗin da wani ya ɗauka a gidansa, alhali Mind Your Language yana nan cif, yaran Kagarko suna kallonsa a waya. 'Yan wasan ma suna ta tafiya: Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba na Cock Crow at Dawn a 2021, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu.

An taɓa gwada neman namu, kuma an dace. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano ainihin faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wasannin talabijin na Hausa irin wannan bin sawu suke jira, ɗaki bayan ɗaki, a Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato, da kuma cikin akwatunan tsofaffin malamai da ma'aikatan reluwe da suka sayi bidiyo a shekarun 1980 suka riƙa ɗaukar abin da suke so. Kaset ba ya jure zafi da laima, kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa. Mai irin wannan kaset a Kagarko ko Kwoi ko Kafanchan yana da inda zai kai shi, domin ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa tana Jos, kuma daga Kafanchan tafiyar ba ta cin rabin yini.